Jagorar gano matsalar raba fayiloli da gyara izini a ƙaramar sadarwar kwamfutoci

A ƙaramin ofis ko gidan da ke da kwamfutoci huɗu ko biyar, abin da aka saba yi shi ne a ware kwamfuta ɗaya ta riƙe fayilolin aiki, a buɗe wata folda a cikinta, sauran su riƙa shiga suna ɗauka suna ajiyewa. Tsarin yakan yi watanni yana tafiya lami lafiya, sai wata safiya a ji wani ya ce foldar ta ƙi buɗewa. Wannan magana ita kaɗai ba ta isa a fara gyara da ita ba, domin matsaloli huɗu ne mabambanta suke fakewa a bayanta. Ko dai kwamfutocin biyu ba sa jin juna sam, ko suna jin juna amma an toshe mashigar raba fayil, ko an isa bakin ƙofa amma ba a yarda da sunan mai shiga ba, ko kuwa an yarda da shi amma ba shi da izinin taɓa abin da ya zo nema. A jere suke kamar ƙofofin da sai an wuce ta farko ake isa ta biyu, saboda haka wanda ya fara da canza izini alhali waya ce ta zare, zai lalata saitin da lafiyarsa ƙalau, ya ƙara wa kansa aiki.

Don sauƙin bayani, kwamfutar da ke riƙe da fayilolin zan kira ta mai masauki, wadda ke neman shiga kuma baƙuwa. Galibin misalan na Windows 10 da Windows 11 ne, sannan a ƙarshe a taɓo Linux da Mac.

Kafin a taɓa komai

Ka fara da rubuta saƙon da ya fito a kan allo harafi da harafi, tare da lambarsa idan akwai, domin rabin amsar tana cikinsa. Lambar 0x80070035 ko kuskure mai lamba 53 na nufin ba a ma sami hanyar zuwa mai masaukin ba. Kuskure mai lamba 67 na nufin an isa kwamfutar amma babu folda mai wannan suna a cikin waɗanda aka raba. Lamba 86 da 1326 sun shafi suna ko kalmar sirri, lamba 5 kuwa, wadda ke zuwa da kalmomin Access is denied, ita ce ta izini. Bayan haka ka tambaya: kowa ne ya kasa shiga ko mutum ɗaya? Idan mutum ɗaya ne, ya gwada daga wata kwamfuta, domin a san ko matsalar shi take bi ko na'urarsa. Sannan a bincika abin da ya canza tun ranar da abu ya yi aiki na ƙarshe, ko an sauya rawuta (na'urar da ke haɗa kwamfutocin da juna da kuma intanet), ko an canza kalmar sirri, ko Windows ta sabunta kanta cikin dare. Doka ɗaya kuma za ta bi ka har ƙarshen aikin: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, idan bai yi ba a mayar da shi yadda yake kafin a ci gaba.

Mataki na ɗaya: kwamfutocin suna jin juna?

A kowace daga cikin kwamfutocin biyu ka buɗe Command Prompt, ka rubuta ipconfig, ka duba layin IPv4 Address. A yawancin ƙananan sadarwa za ka ga lamba irin 192.168.1.20 a ɗaya, 192.168.1.35 a ɗayar, kuma layin Subnet Mask na nuna 255.255.255.0. Ma'anar wannan ita ce dole sassa uku na farko su zama iri ɗaya, na ƙarshe kaɗai ya bambanta. Idan ɗaya tana kan 192.168.1 ɗayar kuma tana kan 192.168.0, to ba a sadarwa ɗaya suke ba, ko da kuwa dukkansu suna samun intanet. Hakan yakan faru ne idan an jona rawuta ta biyu a bayan ta farko domin faɗaɗa Wi-Fi, sai ta kafa tata sadarwar daban. Idan kuwa lambar ta fara da 169.254, kwamfutar ba ta samu adireshi daga rawuta ba ne, ta laƙa wa kanta na wucin gadi, don haka sai a duba waya, ko haɗin Wi-Fi, ko rawutar kanta.

Akwai wani tarko da ke cin lokacin mutane a nan, wato Wi-Fi ɗin baƙi. Rawutoci da yawa suna fitar da suna na biyu domin masu ziyara, kuma da gangan aka tsara shi ya ba da intanet amma ya hana na'urori ganin juna. Kwamfutar tafi-da-gidanka da ta haɗu da wannan sunan ba za ta taɓa isa foldar ba, duk gyaran da aka yi mata.

Daga baƙuwar, a Command Prompt, sai ka rubuta ping, umarnin da ke kiran wata kwamfuta a ga ko za ta amsa, tare da lambar mai masaukin. Idan amsa ta dawo, hanya a buɗe take. Rashin amsa kuma ba hujja ba ce cewa hanya a yanke take, domin katangar tsaron Windows (firewall) takan yi shiru ga irin wannan kira matuƙar ba a kunna raba fayil ba. Kada a manta da abu mafi sauƙi ma: kwamfutar da ta yi barci ba ta karɓar baƙi, saboda haka a hana mai masauki barci a lokutan aiki.

Gwaji na gaba shi ne wanda ya fi amfani a wannan mataki. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta \\192.168.1.20 ka gani, sannan ka sake gwadawa da sunan kwamfutar, misali \\OFIS. Idan lamba ta buɗe amma suna ya ƙi, ka san cewa raba fayil da izini duk lafiyarsu lau, fassara suna zuwa lamba ce ta sami tangarɗa. Idan kuma jiya lambar tana aiki yau ta daina, mai yiwuwa rawuta ce ta ba mai masaukin sabuwar lamba. Maganin dindindin shi ne a shiga saitin rawutar a keɓe wa mai masaukin lamba ɗaya da ba za ta riƙa canzawa ba.

Mataki na biyu: mashigar raba fayil a buɗe take?

Windows tana raba fayiloli ne ta hanyar ƙa'idar da ake kira SMB, wadda ke sauraro a mashiga mai lamba 445. Za a iya gwada wannan mashigar kai tsaye: a baƙuwar ka buɗe PowerShell ka rubuta Test-NetConnection 192.168.1.20 -Port 445. Idan layin TcpTestSucceeded ya nuna True, ka tsallake zuwa mataki na uku. Idan ya nuna False, aikin yana wajen mai masauki.

Abin da ya fi yawan jawo hakan shi ne nau'in sadarwar. Windows tana kallon kowace sadarwa ko dai a matsayin Public ko Private, kuma idan ta ɗauke ta Public sai ta rufe ƙofofinta kamar tana tsakiyar baƙin da ba ta sani ba. Sabuwar rawuta, ko ma sabon sunan Wi-Fi, ya isa ya sa ta ɗauka an kai ta wani wuri daban. A shiga Settings, sashen Network & internet, a buɗe bayanan haɗin da ake kai, a mayar da shi Private. Daga nan a je Advanced sharing settings a tabbatar an kunna File and printer sharing da Network discovery. Idan an saka wata manhajar riga-kafi mai nata katangar tsaro, ita ma a sanar da ita cewa wannan sadarwa amintacciya ce. Ana iya kashe katangar na minti ɗaya domin gwaji, amma barin ta a kashe ba gyara ba ne.

Rashin ganin kwamfuta a jerin Network cikin File Explorer ba ya nufin ba a iya shiga ta. Wannan jeri ya dogara ne da wasu ayyuka biyu na bayan fage, Function Discovery Provider Host da Function Discovery Resource Publication, waɗanda ake kunnawa a tagar ayyukan Windows, wato services.msc. Ni dai ban cika damuwa da jerin ba, domin rubuta adireshin kai tsaye ya fi shi tabbas. A mai masaukin kuma, umarnin net share zai nuna ainihin sunayen foldojin da aka raba, wanda ke warware kuskure mai lamba 67 nan take, tunda sunan rabon ba lallai ya yi daidai da sunan foldar ba.

A nan ne wasu ke ba da shawarar kunna SMB1, tsohuwar sigar ƙa'idar, wadda Microsoft ta fara daina sakawa tun daga Windows 10 sigar 1709 ta shekarar 2017. A watan Mayu na wannan shekarar ne manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta bazu a duniya ta wata ɓaraka da ke cikin SMB1 ɗin. Idan wata tsohuwar na'urar ajiya ko injin sikanin takardu ba ya jin komai sai ita, a fara neman sabunta manhajarsa kafin a yi tunanin raunana dukkan kwamfutocin saboda shi. Haka kuma ba a buɗe mashiga ta 445 ga intanet a rawuta bisa kowane dalili.

Mataki na uku: da wane suna ake shiga?

Yawancin ƙananan sadarwa ba su da wata uwar garke da ke riƙe da sunayen kowa, don haka kowace kwamfuta mutanenta kawai ta sani. Idan akwatin neman suna da kalmar sirri ya fito, asusun da ke kan mai masauki ake nufi, ba na kwamfutar da kake zaune a gabanta ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi maimaitawa. Hanya mafi tsafta ita ce a buɗe wa kowane mutum asusu a mai masaukin, a kuma rubuta sunan tare da na kwamfutar, kamar OFIS\akanta. Asusun da ba shi da kalmar sirri Windows ba ta barin a shiga da shi ta sadarwa. Lambar PIN ma ba ta aiki a nan, domin a na'urar da aka saita ta kaɗai take da amfani. Wanda ke amfani da asusun Microsoft sai ya sa adireshin imel ɗinsa da ainihin kalmar sirrin asusun.

Idan akwatin ba ya ma fitowa, sai dai a ƙi ka kai tsaye, to baƙuwar tana miƙa wata tsohuwar kalmar sirri ce da ta adana. Ka buɗe Credential Manager, sashen Windows Credentials, ka goge duk abin da ke ɗauke da suna ko lambar mai masaukin. Sannan ka rubuta net use domin ganin haɗin da ke buɗe, ka yanke su da net use * /delete. Wannan kuma shi ne maganin kuskure mai lamba 1219, wanda ke fitowa saboda Windows ba ta yarda mutum ɗaya ya shiga kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda ba. Idan har yanzu ana tababa, a mai masaukin a buɗe Event Viewer, a duba rajistar Security, a nemi lamba 4625, wadda ke nuna yunƙurin shigar da bai yi nasara ba da kuma sunan da aka yi amfani da shi. Sau da yawa za ka tarar ba sunan da kake zato ba ne.

Sababbin sigogin Windows sun ƙara tsaurara wannan ƙofa. Daga Windows 11 sigar 24H2, nau'in Pro ya daina yarda da shiga a matsayin baƙon da ba shi da asusu, ya kuma wajabta sa hannun tantancewa a kan saƙonnin SMB. Shi ya sa na'urar ajiya ko faifan da aka maƙala a jikin rawuta kan daina buɗewa bayan sabuntawa. Gyaran da ya dace shi ne a buɗe asusu mai kalmar sirri a na'urar, a kunna mata sa hannun, maimakon a sassauta tsaron Windows. A kuma sani cewa Windows ta kwamfutar tebur ba ta karɓar haɗi fiye da 20 a lokaci guda, kuma idan aka cika za a ga kuskure mai lamba 71.

Mataki na huɗu: izini

Nan ne ainihin wurin da ake ruɗewa, saboda izinin hawa biyu ne, kuma a wurare biyu ake saita shi. Idan ka danna foldar da maɓallin dama ka zaɓi Properties, za ka ga shafin Sharing da shafin Security. Na farko shi ne izinin rabo, yana da matakai uku kacal: Read, Change da Full Control, kuma masu zuwa ta sadarwa kaɗai ya shafa. Na biyu shi ne izinin NTFS (tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da shi a faifai), wanda ke manne da fayil ɗin kansa a kan faifai, ya kuma shafi kowa, har da wanda ke zaune a gaban mai masaukin. Ana iya kwatanta su da ƙofar gida da ƙofar ɗaki: mai zuwa daga waje sai ya wuce duka biyun, kuma wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ne ke aiki. Idan Sharing ya ce Read, Security ya ce Modify, karatu kawai mutum zai iya. Wannan ne ke bayyana ƙorafin nan na “ina buɗewa amma ba na iya ajiyewa”, domin idan aka raba folda ta Advanced Sharing, karatu kaɗai Windows ke ba rukunin Everyone da farko.

A ganina, abin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne a sassauta ƙofar gida a tsaurara ta ɗaki: a ba masu asusu Change a Sharing, sannan duk wani bambanci tsakanin mutane a yi shi a Security. Ma'aikaci na yau da kullum Modify ya ishe shi, tunda da shi zai karanta, ya rubuta, ya goge. Abin da Full Control ya ƙara shi ne ikon canza izini da ƙwace mallaka, wanda ba kowa ya kamata ya riƙe ba. Gara kuma a ba da izini ga rukuni maimakon mutum ɗaiɗai, a ƙirƙiri rukunin da umarni irin net localgroup Lissafi /add, domin idan wani ya bar aiki a cire shi daga wuri ɗaya. Sai dai sabon shiga rukuni ba zai ga canji ba har sai ya yanke haɗinsa ya sake shiga, saboda a lokacin shiga ne ake lissafa rukunansa.

Izinin da mutum ya samu daga rukunai daban-daban haɗuwa yake yi, amma Deny (hanawa) yana rinjayar Allow (bari), in ban da inda aka rubuta Allow ɗin kai tsaye a kan fayil alhali Deny ɗin gadonsa aka yi daga foldar da fayil ɗin ke ciki. Wanda ya sa Deny a kan rukunin Users domin hana mutum ɗaya, ya hana kowa ke nan har da kansa. Rashin ba da izini ya wadatar wajen hanawa, da wuya a buƙaci Deny. Maimakon lissafi da ka, ka shiga Security, ka danna Advanced, ka zaɓi Effective Access, ka sa sunan mutumin, Windows za ta nuna abin da zai iya da abin da ya hana shi. Umarnin icacls D:\Takardu ma yana fitar da jerin a taƙaice, inda F ke nufin cikakken iko, M gyarawa, RX karatu da gudanarwa, I kuma abin da aka gada.

Gado shi ne ke jawo matsalar fayil guda da ya ƙi buɗewa a cikin foldar da komai nata ke buɗewa. Na taɓa shafe kusan awa guda a kan irin wannan: takardar lissafi ɗaya a cikin takardu fiye da ɗari, kowa na ganin sunanta, ba mai iya buɗe ta sai wanda ya rubuta ta. Ashe a kan teburin kwamfutarsa ya ƙirƙire ta, wanda ke faifai ɗaya da foldar rabon, sannan ya ɗauke ta ya kai can. Fayil ɗin da aka kwafa yana karɓar izinin sabon mazauninsa, amma wanda aka matsar a cikin faifai ɗaya yana iya tafiya da tsohon izininsa. Da muka kwafe ta muka goge ta asalin, magana ta ƙare. Idan fayilolin suna da yawa, icacls D:\Takardu\* /reset /t zai mayar da su duka kan gadon uwar foldar, amma zai share duk wani izini na musamman da aka saita a ciki, don haka a fara adana na yanzu da icacls D:\Takardu /save izini.txt /t.

Idan a shafin Security ka ga dogayen lambobi masu farawa da S-1-5-21 a madadin sunaye, asusun ne da suka riga suka shuɗe, galibi bayan an sake ɗora Windows ko an ciro faifai daga wata kwamfuta. Windows da wannan lamba take gane mutum, ba da suna ba, saboda haka sabon asusu mai tsohon suna baƙo ne a wurinta. Sai mai kula da kwamfutar ya karɓi mallakar foldar da takeown /f D:\Takardu /r, sannan ya raba izini daga farko. Wannan umarni na foldar bayanai ne kawai, kada a kusanci foldar Windows da shi. Faifan da aka tsara da FAT32 ko exFAT kuwa, irin yawancin filashi, ba shi da shafin Security ko kaɗan, izinin rabo ne kaɗai ke tsaronsa.

Abubuwan da ke kama da matsalar izini

Takardar Word ko Excel da ke buɗewa don karatu kawai, yawanci wani ne ke riƙe da ita, ko kuma manhajar ta mutu ta bar ɗan ɓoyayyen fayil mai farawa da ~$ a gefenta. A mai masauki, fsmgmt.msc zai nuna wanda ya buɗe me a sashen Open Files, amma a tambayi mutumin kafin a rufe masa, kada aikinsa ya salwanta. Cikar faifai ma tana hana ajiya, haka nan adireshin fayil da tsawonsa ya haura haruffa 260 yana gagarar manhajoji da dama. Sannan foldar da aka laƙa wa harafi, kamar Z, ba ta bayyana a manhajar da aka buɗe da ikon mai kula, sai an rubuta cikakken adireshinta.

Idan akwai Linux ko Mac

A Linux manhajar Samba ce ke wannan aiki, kuma hawa biyun nan suna nan: abin da aka rubuta a smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, da izinin fayil na tsarin kansa. Samba tana da nata kundin kalmomin sirri, don haka bayan buɗe asusu a tsarin sai an ƙara shi da smbpasswd -a. Rabon yana zama na karatu kawai har sai an rubuta read only = no, kuma testparm zai nuna kuskuren rubutu a saitin. Umarnin ls -l na nuna mai fayil da rukuninsa. A lissafin chmod, umarnin saita izini a Linux, karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1, kuma folda ba ta shiguwa sai da wannan 1 ɗin a kanta da kan duk foldojin da ke samanta. Maimakon 777 da ke buɗe wa kowa, a ba foldar rukuni a sa mata 2770, domin duk sabon fayil ya ɗauki rukunin foldar. A nau'o'in Linux irin Fedora da Red Hat, ƙarin tsarin tsaro mai suna SELinux zai ci gaba da hanawa har sai an yi wa foldar alamar samba_share_t. A Mac kuwa ana shiga ne daga Finder da Command da K, a rubuta smb://192.168.1.20, tsohuwar kalmar sirri kuma a Keychain ake goge ta.

Gwajin ƙarshe da asusun ma'aikaci na yau da kullum ake yin sa, daga kwamfutarsa, ba da asusun mai kula ba: ya ƙirƙiri sabon fayil a foldar, ya canza masa suna, wani abokin aikinsa ya buɗe shi ya gyara ya ajiye, sannan a goge shi. Bayan haka a gwada da wanda bai kamata ya shiga ba, a tabbatar an ƙi shi, a sake kunna katangar tsaro idan an kashe ta, a kuma cire duk izinin wucin gadi da aka bayar lokacin bincike.